Yadda ake auna iskar H2S da ta narke cikin ruwan gishiri da ɗanyen mai a bakin rijiya

Farkon shigata wannan aiki an aike ni in ɗebo samfurin ruwa daga tankin da ke raba gas da mai da ruwa. Na sami kwalbar roba, na tara a bakin bawul kamar mai ɗibar ruwa a famfo, ta kai wajen rabi na rufe, na jefa bayan mota. Sai bayan kwana biyu ta isa ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa babu komai a ciki. Alhali a ranar da na ɗeba, gas ɗin tankin yana nuna H2S, iskar nan mai guba, ppm ɗari da wani abu (ppm ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan). Ogana ya dubi takardar ya ce, "Ruwan dai ka kawo, amma abin da aka aike ka nema ka baro shi a hanya." Tun daga minti ɗin da ka buɗe bawul iskar nan take fara gudu, kuma duk abin da zan koya maka a nan dabarar kama ta ce kafin ta tsere.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa bawul

H2S, wato hayidurojin salfayid, ita ce mai warin baragurbi. Gas ko man da ke ɗauke da ita shi ake kira mai tsami, ba don an ɗanɗana ba, suna ne kawai. A can ƙasa, cikin rumbun mai, ba ta zama wuri ɗaya. Takan rabu uku: wata a cikin gas, wata ta narke a mai, wata a ruwan gishirin da ke kwance tare da man. Abubuwa huɗu ne ke yanke yadda rabon zai kasance.

Na farko matsi. Ba jimillar matsin rijiya ake dubawa ba, kason da H2S ta ɗauka daga cikinsa ake dubawa. Idan kason ya ninka, abin da ya narke ma ya ninka, muddin ba a kai matsi mai tsananin yawa ba. Ruwa mai daɗi a digiri 25 na Selsiyas, in aka danna masa zallar H2S a matsin iskar duniya, yana shan kusan giram 3.4 a kowace lita, wato kusan ninki uku na abin da yake sha na iskar CO2, wadda ke sa lemun kwalba kumfa, in aka ƙirga ƙwayoyi. Na biyu zafi: a digiri 60 abin da ruwan zai riƙe ya sauko kusan rabi. Na uku gishiri. Ruwan teku yana da kusan giram 35 a lita, amma ruwan wasu rumbunan ya wuce giram 200, kuma gishiri korar iska yake yi, kamar yadda lemun kwalba ke tashi da kumfa in ka barbaɗa masa gishiri. Ruwan da ya kusa ƙoshi da gishiri bai fi rabin abin da ruwa mai daɗi ke riƙewa yake riƙewa ba.

Na huɗu shi ne wanda sababbin hannu suka fi mantawa: pH, ma'aunin ƙarfin asid a ruwa, inda 7 ke tsakiya, ƙasa da 7 kuma asid ne. A cikin ruwa H2S tana da fuska biyu. Akwai wadda ke nan a matsayin iska narkakkiya, mai iya tashi, akwai kuma wadda ta rikiɗe ta zama HS⁻, wadda ba ta tashi. A pH 7 rabi da rabi suke. A pH 6 kashi 90 cikin ɗari mai tashi ce, a pH 8 kuwa kashi 90 ta kwanta. Saboda haka ruwa na iya zama ba wari sosai amma cike da salfayid, wato jimillar fuskokin biyu, sai an zuba masa asid ya saki abinsa gaba ɗaya. Mai ba shi da wannan fuska biyun, kuma galibi ganga ɗaya ta mai ta fi ganga ɗaya ta ruwa riƙe H2S.

Me ya sa ake damuwa? Saboda rai da kuma ƙarfe. Hanci yana jin warin tun bai kai ppm 1 ba, amma daga ppm 100 zuwa 150 jijiyar wari takan mutu, ka zaci iskar ta wuce. Wajen 500 zuwa 700 mutum na faɗuwa cikin mintuna, a 1,000 numfashi ɗaya ko biyu ya isa. A daren 23 ga Disamba 2003 wata rijiyar gas ta ɓalle a Gaoqiao, yankin Chongqing na ƙasar Sin, mutum 243 suka rasu, yawancinsu ƙauyawa. Ƙarfe kuwa, idan akwai danshi, H2S tana tura hayidurojin cikin jikinsa ya tsage ba tare da ya nuna tsatsa a waje ba. Filin Kashagan na Kazakistan ya fara fitar da mai a Satumbar 2013, kafin wata biyu aka rufe shi saboda bututu sun tsage, bai dawo ba sai 2016. Ƙa'idar ISO 15156, wadda ke tsara irin ƙarfen da za a yi aiki da shi inda akwai H2S, ta ja layin haɗarin tsagewa a kason matsi 0.05 psi (psi ma'aunin matsi ne). Lissafa ka gani: ppm 10 kacal a rijiya mai matsin psi 5,000 ya riga ya taka layin.

Kada ka ce ai man Najeriya ba mai tsami ba ne. Gaskiya ne Bonny Light, wani nau'in ɗanyen man Najeriya, ba shi da farar wuta da yawa. Amma rijiya mai daɗi tana yin tsami daga baya idan ana tura mata ruwan teku don a riƙe matsi, domin ruwan teku na ɗauke da salfet kusan miligiram 2,700 a lita, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da shi H2S a inda zafi bai wuce wajen digiri 80 ba. Shi ya sa a filin Bonga da ke cikin tekun Najeriya, wanda ya fara aiki a 2005, ake haɗa ruwan da ake turawa da naitiret don a daƙile su.

Kayan aiki

Na kariya su ne kan gaba:
- Na'urar ƙararrawa ta H2S da ake maƙalawa a ƙirji, kusa da hanci, ba a ƙugu ba. A gwada ta da gas ɗin gwaji da safen ranar.
- Tukunyar iskar numfashi da abin rufe fuska gaba ɗaya. Takunkumin tace ƙura ba ya tsare komai a nan.
- Abokin aiki da zai tsaya nesa yana kallonka, da rediyo a hannunsa.
- Tabarau, safar hannu ta roba, da takardar izinin aiki.

Na ɗiba:
- Kwalaben gilashi masu mililita 250 da murfi mai matsewa, aƙalla huɗu.
- Tiyo mai tsabta da zai kai har gindin kwalba, da bokitin zubar da ruwan farko.
- Ruwan zinki asitet mai ƙarfin 2N (N ma'aunin ƙarfin sinadari ne; giram 220 a narka ya cika lita ɗaya), da kostik soda 6N.
- Sirinji mai doguwar allura ko dogon bututun ɗiga.
- Ma'aunin pH, ma'aunin zafi, akwatin ƙanƙara.
- Bututan gilashi masu canza launi na auna H2S, irin na Dräger ko Gastec, da famfonsu na hannu, da jakar ɗibar gas.

Na gwaji: ruwan aidin 0.025N, sodiyam tayosalfet 0.025N, asid ɗin HCl 6N, ruwan sitaci, buret (dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga sinadari da shi), da tulun gilashi mai mililita 500.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa sinadaranka tun jiya, ka rubuta wa kowace kwalba suna tun a ofis, domin a bakin tanki, da safar hannu da abin rufe fuska, biro ma gagarar riƙewa yake yi. Ka duba ranar ƙarewar wa'adin bututan launi, kuma kada ka bar su a gaban mota cikin rana.

Mataki na 1: Karanta wurin

Kafin komai dubi tutar iska. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ta bugi bayanka ta wuce da abin da zai fita. H2S ta ɗan fi iska nauyi, don haka tana taruwa a rami da kwalbati da ƙarƙashin tanki, musamman da asuba lokacin da iska ta kwanta. Ka san hanyar gudunka: a gicciye da iska tukuna, sannan a nufi inda take fitowa, kuma a hau tudu.

Ku yi magana da abokinka a fili cewa in ka faɗi ba zai rugo ba sai ya sa tukunyar iska ya kuma kira taimako. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya ji labarin mutum ya shiga shadda ko tsohuwar rijiya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi, aka fito da gawa uku. A filin mai ma haka take kashe mutane, mai ceto ne ke cika lissafi.

Mataki na 2: Zaɓi inda za ka ɗeba, ka rubuta halin da ake ciki

Gas da mai da ruwa duka a tanki ɗaya za ka ɗebe su, cikin sa'a ɗaya, rijiyar tana tafiya daidai ba a taɓa mata bawul ba. Ruwan safe da gas ɗin yamma ba sa haɗa lissafi. Rubuta matsin tankin, zafinsa, yawan gas da mai da ruwan da ke fita a rana, sannan ka tambayi masu kula da sinadarai abin da ake zubawa a layin da kuma inda ake zuba shi. Idan ana zuba maganin kama H2S irin tirayazin kafin layin ya iso wurin da kake ɗiba, abin da za ka auna saura ne, ba abin da rijiya ta kawo ba. Nemi wurin ɗiba da ke kafin maganin.

Guji matattun bututu, waɗanda ruwa ke kwana a ciki ba ya tafiya. Bakteriya na yin gida a nan, sai ka sami adadi mai tayar da hankali wanda ba na rijiya ba ne.

Mataki na 3: Fara da gas

Shi ya fi sauƙi, kuma shi zai gaya maka irin haɗarin da kake ciki. Buɗe bawul kaɗan, bar layin ya wanke kansa zuwa wuri amintacce, cika jaka ka matse ta sau biyu ko uku, sannan ka cika ta ta gaske. Fasa bakin bututun launi ta gefe biyu, saka shi a famfo kibiya tana kallon famfon, ja adadin bugun da aka rubuta a takardarsa. Kowane bugu mililita 100 ne, kuma sai ka jira ya gama cika kafin ka sake. Karanta tsawon launin nan take.

Fara da bututu mai babban ma'auni ka sauko. In launi ya cika bututu har ƙarshe, ba ka sami adadi ba, ka dai san ya wuce haka. Kada ka ja gas kai tsaye daga layi mai matsi, domin an yi bututan ne don matsin iskar duniya. Yi sau biyu. Idan biyun sun yi nisa da juna, yi na uku.

Mataki na 4: Ɗibar ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ake yawan ɓata shi.

Haɗa tiyo, buɗe bawul, bar ruwa ya zuba a bokiti har sai tiyon ya ɗauki zafin layin. Rage gudun ya zama siriri, ba tartsatsi ba kumfa. Zura tiyon har gindin kwalba, ruwa ya taso daga ƙasa, ya cika ya yi ambaliya kamar cikin kwalbar biyu ko uku. Wannan ambaliyar ce ke korar ruwan farko da ya gamu da iska. Zare tiyon a hankali yana kan zuba.

Ba tare da ɓata lokaci ba, zura sirinji har ƙasa ka saki zinki asitet. Ma'aunin shi ne ɗigo 4, wato mililita 0.2, ga kowane mililita 100 na ruwa, don haka kwalbar 250 tana son rabin mililita. Bi shi da ɗigo 5 na kostik soda. Rufe yadda ba za a ga ko ƙwayar kumfa ɗaya a ƙarƙashin murfi ba, juya kwalbar sama da ƙasa sau da yawa. Za ka ga farin gari-gari yana sauka. Zinki ne ya kama salfayid ya ɗaure shi, yanzu ba zai tashi ba. In ka ga baƙi, akwai ƙarfe a ruwan, shi ma salfayid ne a ɗaure, kada ka zubar.

Wannan ma'aunin zinkin yana kama har miligiram 64 a lita ne kawai. Idan gas ya nuna dubbai, ninka zinkin biyu ko uku. Yawansa ba ya ɓata gwaji, ƙarancinsa ne ke ɓatawa. Kostik kuma sai ya kai pH sama da 9. Ruwan rijiya mai yawan bakabonet da magniziyam yana shanye kostik, saboda haka ka gwada a wata kwalba ta daban ka ga ɗigo nawa take buƙata, kada ka yi ta buɗe ta gaskiyar.

Wasu suna zuba zinkin a kwalba tun daga ofis, su cika ba tare da ambaliya ba. Hanya ce karɓaɓɓiya, har ta fi idan ruwan yana da zafi ƙwarai kuma yana tafasa da gas, domin salfayid na faɗawa kan zinki tun ɗigon farko. Aibinta ɗaya: hannu na rawa, ruwa ya yi ambaliya, maganin ya bi shi. Ni nakan yi duka biyun, in ɗauki wadda ta fi yawa, tunda a wannan aikin kuskure kusan kullum ragewa yake yi.

Kwalba ta uku ta pH ce, ba magani. Auna ta a wurin, cikin minti ɗaya ko biyu. Da zarar matsi ya sauka CO2 na fita, pH na hawa, don haka pH ɗin da aka auna a ɗakin gwaji washegari ba shi da amfani ga lissafinka. Ko wanda ka auna a wurin ma ya ɗan fi na cikin tanki, ka riƙe haka a ranka.

Saka kwalabe cikin ƙanƙara, a duhu. Wadda aka sa wa magani tana jure kwana bakwai a digiri 4, amma ba dalili ba ne na jira.

Mataki na 5: Mai

Mai ya fi wuya, domin da ya fito daga matsi sai ya saki gas, gas ɗin ya tafi da H2S. Hanyar da ta fi inganci ita ce silinda mai matsi, a cika ta a matsin tanki a kai ɗakin gwaji. Amma ka nemi wadda aka shafe cikinta da rufi na musamman. Silindar ƙarfe tsirara tana cinye H2S a jikinta, in adadin kaɗan ne, cikin 'yan kwanaki ka nema ka rasa.

In babu silinda, ga abin da ake yi a fili. Cika kwalbar lita ɗaya zuwa rabi daga ƙasa, rufe, girgiza sosai, sannan ka zura bututun launi cikin sararin saman ba tare da ya taɓa man ba. Ka rubuta a fili cewa wannan adadin na tururin saman mai ne, ka sa zafin man kusa da shi. Ba shi ne abin da ya narke a man ba. Na sha ganin rahoto an cakuɗa biyun, alhali ppm 1 a cikin ruwa-ruwa na iya ba da ppm masu yawa a sama. A ruwa mai daɗi ma, miligiram 1 na H2S mai tashi a lita yana iya cika saman rufaffen tanki da kusan ppm 300. Shi ya sa mai buɗe murfin tanki don auna zurfin mai yake cikin haɗari fiye da yadda yake zato.

Mataki na 6: Gwajin aidin

Bar kwalbar ta zauna rabin sa'a garin ya kwanta. Tsiyaye ruwan saman a hankali, ka mayar da ruwa tsarkakke da aka tafasa aka huce a rufe. Wannan tsiyayewar ba ado ba ce. Idan ana zuba baisalfait a ruwan da ake turawa rijiya don kashe iskar oksijin, shi ma yana cin aidin, ya sa ka ga salfayid inda babu. Ɗigon mai ma haka. Tsiyayewa ce ke raba ka da su.

A tulun gwaji zuba mililita 10 na aidin da ɗan ruwa, ƙara mililita 2 na asid. Sannan ka kawo samfurin da garinsa duka, ka sake shi a ƙarƙashin aidin. Kula da wannan jerin: aidin da asid ne ke jiran samfur. Idan ka zuba asid a samfur tukuna, H2S ɗin da ka sha wahalar kamawa zai tashi ya shige hancinka. Ɗauraye kwalbar ka juye, domin gari na maƙalewa a jiki. Tabbatar cakuɗin ya koma asid, tunda ka sa kostik a baya, in bai koma ba ƙara asid. In launin aidin ya ɓace gaba ɗaya, ƙara wani aidin da ka auna, ka rubuta jimilla.

Yanzu ɗiga tayosalfet daga buret kana juya tulun, har launin ya koma ruwan ɗorawa mai haske. A nan ne za ka sa sitaci, ya yi shuɗi. Ci gaba ɗigo-ɗigo har shuɗin ya ɓace. In ka sa sitaci da wuri, yana riƙe aidin, ƙarshen gwajin ya yi ta ja.

Lissafin: ninka mililitan aidin da ƙarfinsa, ninka mililitan tayosalfet da ƙarfinsa, cire na biyu daga na farko, ninka da 16,000, raba da mililitan samfurin da ke kwalba kafin tsiyayewa. A ce aidin 10, tayosalfet 6, samfur mililita 200. Wato 0.25 a cire 0.15, saura 0.10, sau 16,000 ya ba da 1,600, a raba da 200, miligiram 8 na salfayid a lita. In ana son sa da sunan H2S, ninka da 1.06, ya zama 8.5. Kullum ka gwada aidin da tayosalfet su kaɗai da safe, domin aidin na rage ƙarfi a ajiye.

Idan adadin bai kai miligiram 1 ba, aidin ba ya gani da kyau. Koma kan ƙaramin akwatin gwajin launin shuɗi na metilin, wanda aka yi don ƙananan adadi. Idan ya wuce ma'auninsa a sirka, amma da ruwan da ba oksijin.

In babu buret ko ɗakin gwaji

A wurin haƙa rijiya za ka tarar injiniyan lakar haƙa yana da na'urar Garrett, wani ɗan akwati mai ɗakuna uku. Ana zuba ruwa mililita 20 da ɗigon maganin kumfa a ɗakin farko, a saka bututun launi a ƙarshe, a tura samfur da sirinji, a bi shi da mililita 10 na asid ɗin salfurik 5N, sannan a hura naitirojin ko CO2 ta ciki na minti 15. Asid ya saki salfayid, iska ta kai shi bututu. Tsawon launi sau lambar bututun, a raba da mililitan samfur. Lambar tana jikin takardar da ta zo da kwalin, kada ka yi aiki da wadda ka haddace, domin takan canza. Kada a hura da iskar waje. Ga ruwa mai dauɗa da mai, ni na fi yarda da wannan a kan aidin.

In wannan ma babu, takardar gwaji mai dalma tana yin baƙi in ta ji H2S. Ba ta ba da adadi, amma ta raba akwai da babu. Zoben azurfar hannunka ma yana yin baƙi a irin wannan wuri, sai dai kafin ya nuna kai ka riga ka shaƙa.

Mataki na 7: Sa alkaluman su yi wa juna shaida

Kafin ka aika rahoto, duba ko gas da ruwa sun yarda da juna. A ce tanki yana psi 150, gas ya nuna ppm 200. Kason H2S ya zama 0.03 psi, wato kusan kashi 2 cikin dubu na matsin iskar duniya. A digiri 25 ruwa mai daɗi zai riƙe wajen miligiram 7 a lita, a digiri 60 ƙasa da 4, gishiri kuma ya ƙara ragewa. Wannan na fuska mai tashi ne kaɗai. In pH 7 ne, ninka biyu ka sami jimilla, ka ga ka faɗo kusa da 8 ɗin da aidin ya ba ka. Idan gwajinka ya ce 0.5, ka zubar da iskarka a hanya. Idan ya ce 60, nemi baisalfait ko mataccen bututu.

Sannan mayar da komai kilo a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce, don haka ganga 10,000 ta ruwa mai miligiram 8.5 tana ɗauke da kilo 13.5. Kubik ƙafa miliyan ɗaya ta gas mai ppm 200 tana ɗauke da kusan kilo 8. Haɗa da na mai. Wannan jimillar ce za ka riƙa bi wata-wata, ba ppm ɗin gas ba. Dalili kuwa, idan rijiya ta tsufa, ruwa ya ƙaru gas ya ragu, H2S ɗin da ruwa ya ɗauko daga ƙasa sai ya tattaru a ɗan gas ɗin da ya rage, ppm ya yi tsalle alhali kilo bai motsa sosai ba. Na ga an kira taron gaggawa a kan irin wannan, aka ƙara kuɗin maganin bakteriya, ashe rabo ne ya sauya.

Akwai kuma kuskuren da ke gefe guda. Sabuwar rijiya takan nuna ƙasa da gaskiya a kwanakin farko, domin sabon bututu da ragowar lakar haƙa suna shanye H2S kafin ya iso sama. Haka nan a filin da ake tura ruwan teku, ruwan kan iso rijiya da daɗewa kafin tsamin ya biyo baya, saboda duwatsu masu ƙarfe da ragowar man da ke hanya suna riƙe shi har sai sun ƙoshi. Idan sakamakon farko ya ce babu, rubuta kwana nawa rijiyar ta yi tana zuba, ka sa ranar da za a sake ɗiba.

Mataki na 8: Kwashe kaya

Ruwan bokiti ya koma layin dauɗar wurin aiki, ba kwalbati ba, kuma kada ya haɗu da asid. Ragowar gwajin Garrett da bututan da aka fasa a tara su wuri ɗaya. In ka ga baƙin gari a cikin matata ko bawul da aka kwance, salfayid ɗin ƙarfe ne, kuma in ya bushe ya sha iska yana iya kama wuta da kansa. Jiƙa shi, ka ajiye shi a ruwa har masu kwashewa su zo. Kwalaben da za su yi tafiya su zauna a bayan mota, a akwatin ƙanƙara a tsaye, ba a cikin ɗakin direba ba, kuma ka bar ƙararrawarka a kunne har ka fita ƙofar filin.